Ina ba ta ruwa kullum, amma ganyen sai yaushi yake

Wasiƙar wannan makon daga wata 'yar uwa ce da ta nemi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta, ga abin da ta ce:

"Anti, mahaifiyata ta rasu wata biyar ke nan. Cikin abubuwan da na ɗauko daga ɗakinta har da wata shukar fure da ake kira okid, mai faffaɗan ganye masu kauri da fararen furanni a kan dogon kara. A cikin gansakuka aka dasa ta, a wata 'yar roba da ake ganin cikinta, aka zura robar a tukunyar tangaran. Bayan wata guda furannin suka zube. Na ajiye ta kan tebur a kusurwar falo, nesa da taga, don an ce mini ba ta son rana. Da farko duk kwana uku nake ba ta ruwa. Da na ga ganyen ya fara yaushi yana yamutsewa sai na koma kullum, amma abin sai gaba yake yi. Ganye ɗaya na ƙasa ya yi rawaya ya faɗi, saura huɗu. Maigidana ya ce ya ji ana ɗora mata ƙanƙara uku a mako, shi ke nan. Na rasa yadda zan yi. Ji nake kamar da hannuna nake kashe abin da Mama ta bari."

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma layinki na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Bari in fara da abin da zai sanyaya miki zuciya. Shukar da har yanzu take da ganye huɗu tana nan da rai, kuma irin wannan okid tana da taurin rai fiye da yadda kyawunta yake nunawa. Amma daga yau ki ajiye butar ruwan. Kada ki ƙara mata ko ɗigo sai kin duba abin da zan ce ki duba.

Ba ki yi kuskuren karanta ganyen ba. Ganyen da ya yi yaushi ya yamutse ƙishirwa yake ji, haka ne. Inda aka samu matsala shi ne dalilin ƙishirwar. Ruwa ba ya isa ganye sai ta saiwa, kuma zato na mai ƙarfi shi ne yawancin saiwoyin shukarki sun ruɓe a cikin jiƙaƙƙiyar gansakuka. Tana zaune cikin ruwa tsundum amma ba ta da bakin sha. Duk kofin da kika ƙara, wata saiwar yake kashewa, ganyen ya ƙara yamutsewa, ke kuma tausayi ya sa ki ƙara wani kofin. Kusan duk wanda ya taɓa riƙon okid ya faɗa wannan tarkon, kuma masu kula ne suka fi faɗawa, don wanda bai damu ba mantawa yake yi da ita, ita kuma ta fi jure mantuwa a kan yawan ruwa.

Daga siffar da kika bayar, taki ita ce wadda masana tsirrai suke kira Falenofsis. Dangin okid suna da yawa, sun kai wajen iri 28,000, kuma ba buƙatarsu ɗaya ba, don haka abin da zan faɗa na wannan ne. Wani masanin tsirrai mai suna Karl Bulume ne ya raɗa mata sunan a shekarar 1825, don furenta ya yi masa kama da malam-buɗe-littafin dare. Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indunusiya da Filifin da Taiwan, har zuwa arewacin Ostareliya. A can ba a ƙasa take tsirowa ba. A jikin itace take maƙalewa, ƙarƙashin inuwar ganye, saiwoyinta a fili suna shan iska. Za ki ce kamar kauci, amma akwai bambanci: kauci tsotsar itacen yake yi, ita kuwa wurin zama kawai take ara. Ruwan sama ya zo ya jiƙa ta sharkaf, iska ta biyo baya, kafin wani lokaci saiwar ta sha iska ta tsane. Haka aka halicce ta, jiƙa sannan tsanewa.

Saiwar ma da kanta tana nuna haka. Wannan kaurin da kike gani ba duka ne saiwa ba. Ainihin saiwar siririya ce kamar zare a tsakiya, sai wani rufi mai kama da soso da ya naɗe ta, ana kiransa belamen. Aikinsa ya zuƙe ruwa da sauri ya riƙe shi na ɗan lokaci. In ya bushe yakan yi fari-fari mai ruwan azurfa, in ya jiƙe sai ya koma kore shar. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne gare mu, don shukar da kanta take gaya miki ko ta ƙoshi. Shi ya sa ake sayar da ita a robar da ake ganin cikinta. Kuma saiwar tana numfashi. In ta kwana da kwanaki cikin ruwa ba iska, sai ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa su samu ƙofa.

Yanzu ga gansakukar. Wadda ake dasa okid a ciki ba irin koren nan da ke fitowa a bangon da ruwa ke bi ba ce. Wani iri ne da ake kira sifagnum, mai tsirowa a fadamu masu sanyi, ana kawo mai kyaunsa daga ƙasashe irin su Niyuzilan da Cile, a busar da shi. Yana iya riƙe ruwa wajen ninki 20 na nauyinsa a bushe. Ki tsaya ki yi tunanin wannan adadin. Masu gonar fure suna son sa ne don yana rage musu yawan ban ruwa, kuma shuka tana iya yin doguwar tafiya a cikinsa ba ta bushe ba. Sukan danna shi ƙam a cikin roba. A wurinsu hakan ba laifi, don ɗakunan rainonsu suna da haske mai yawa da ɗumi da manyan fankoki, kuma sun san ranar da ya kamata su ba da ruwa. Da tukunyar ta shigo falo, haske ya ragu, iska ta tsaya, sai wannan dunƙulen ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka cusa a kofi. Samansa ya bushe ya yaudare ki, tsakiyarsa kuwa na nan jagab har mako biyu ko fiye. Ni ba na cikin masu zagin gansakuka. Na ga okid masu ƙoshin lafiya a cikinta shekara da shekaru. Sai dai tana da ƙa'idarta, kuma ba kasafai mai sayarwa yake faɗa ba.

To, gani ya kori ji. Yau ɗin nan ki zaro robar daga tukunyar tangaran. Da farko ki leƙa gindin tangaran ɗin. Yawancinsu ba su da huda, kuma ba zan yi mamaki ba in kika tarar da ruwa kwance a ciki. Ki zubar. Sannan ki ɗaga robar wajen haske ki duba ta kowane gefe, ki kuma shinshina. Ruwa ba ya tsami banza: in kika ji wari ko tsami, gansakukar ta lalace. In kika ga saiwoyi masu kauri, kore ko fari, cike da jikin robar, kin tsira da sauƙi, abin da ya rage ki bar ta ta tsane ki gyara ban ruwa. In kuwa kika ga sun koma launin ruwan ƙasa ko baƙi, sun lanƙwame, to sai an buɗe.

Da yadda kika kwatanta, ina ganin sai an buɗe, don haka ga yadda za ki yi. Ki matsa robar a hankali ta kowane gefe har dunƙulen ya saki, ki zaro shi. Ki riƙa tsinke gansakukar da yatsu kaɗan-kaɗan, kada ki fizga. Ki kula da tsakiya, daidai ƙarƙashin gindin shukar. Sau da yawa akwai wani ƙaramin dunƙule mai tauri da aka raine ta a ciki tun tana 'yar ƙarama, aka sa shi a babbar roba ba a cire ba. Shi ne ya fi riƙe ruwa, kuma daga nan ruɓa ta fi farawa. Ki cire shi duka. Ki wanke saiwoyin da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina matsawa tsakanin yatsu biyu. Wadda ta yi tauri tana da rai, ko da launinta fari ne ko rawaya-rawaya, don saiwar da ta zauna a tsakiya ba ta ga haske ba haka take. Kada launi ya sa ki yanke mai rai. Wadda ta lotse, ko rufinta ya saɓule ya bar zare tsirara, ta mutu. Ki yanke ta da almakashin da kika goge da sifirit ko kika gasa bakinsa a wuta ya huce. In rabin saiwa ne ya ruɓe, ki yanke daga inda taurin ya fara. Tsohon karan furen ma ki yanke shi daga gindi, ko da yana kore, don shukar da ke jinya ba ta da ƙarfin da za ta kashe wa fure. Ki bar ta a inuwa 'yan sa'o'i wuraren yankan su bushe.

Sai mayarwa. Ki samo sabuwar gansakuka, ki jiƙa ta, ki matse ta sosai har ta daina ɗiga, ki warware ta ta yi sako-sako. Tukunyar kuma ki zaɓe ta daidai da saiwar da ta rage, ba daidai da girman ganye ba. Nan mutane suke kuskure. In saiwa uku ce ta rage, ƙaramar roba za ki nema, don babbar tukunya tana ɗaukar gansakuka mai yawa, gansakuka mai yawa tana riƙe ruwan da saiwa uku ba za su iya shanyewa ba, sai a koma gidan jiya. Robar ta zama mai hudoji a gindi, in kin ƙara wasu a gefe ya fi. Ki sa gansakukar tsakanin saiwoyin da kewayensu ba tare da dannawa ba, gindin ganyen ƙasa ya zauna a sama da ita, kada ya nutse. In shukar tana rangaji, ki kafa tsinke ki ɗaure ta, don sabuwar saiwa ba ta son motsi. Wasu za su ce ki bar gansakuka gaba ɗaya ki dasa ta a gutsattsarin ɓawon itace. Ɓawo yana da kyau, yana tsanewa da wuri, amma ga shukar da ta rasa saiwa na fi son sabuwar gansakuka sako-sako, don tana ba da laimar da ke jawo sabon toho, kuma ita saiwoyin suka saba da ita. Abin da ya rage ki sani, gansakuka ba ta dawwama. Bayan shekara ɗaya, ko biyu in ta daɗe, takan ruɓe ta yi tsami ta danne, sai a canza ta.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, duk kwana nawa? Ba zan ba ki rana ba, don kalanda ba ta san ɗakinki ba. A gidaje da yawa okid a cikin gansakuka takan kai kwana 10 zuwa 14 kafin ta nemi ruwa, a lokacin sanyi ko ɗaki mai duhu har mako uku, a lokacin zafi da busasshiyar iska kuma ƙasa da mako. Na faɗi wannan ne kawai don ki ga nisan da ke tsakaninsa da kullum. Abin dogaro shi ne tukunyar kanta, kuma hanyar da na fi yarda da ita ita ce nauyi. Ranar da kika ba ta ruwa, bayan ta gama ɗiga, ki ɗaga ta ki ji nauyinta a hannu. Ki riƙa ɗagawa duk kwana biyu. Ranar da kika ji ta yi sakayau kamar ba komai a ciki, lokaci ya yi. In kina da ƙaramin sikeli, ki auna ki rubuta, cikin wata guda hannunki zai koya ba sai da sikelin ba. Ki haɗa da tsinken katako: ki soka shi har tsakiya, ki bar shi minti goma, ki zaro ki taɓa shi a kumatu ko bayan hannu. In da sanyi da danshi, ki jira. Ki kuma duba robar. In akwai gumi a jikinta ta ciki, ko saiwoyin na nan kore, ki jira. In kina shakka, ki ƙara kwana biyu. Jinkirin kwana biyu ba ya kashe ta.

Amma kada ki tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren. Irin wannan okid ba ta da kumburarren gindin ajiyar ruwa kamar wasu 'yan uwanta, ganyenta da saiwarta ne kaɗai rumbunta. Kuma gansakuka in ta bushe ƙarau takan ƙanƙance ta yi tauri ta ƙi shan ruwa, ki zuba ya bi gefe ya fice, ki ɗauka kin shayar alhali tsakiya ƙamas take. Abin da ake so shi ne a ba ta ruwa lokacin da saman ya bushe, tsakiyar kuma saura ɗan danshi kaɗan, kamar wankin da ya kusa bushewa a igiya. In ta riga ta ƙame, ki tsoma robar a kwanon ruwa minti goma zuwa sha biyar ta farfaɗo, sannan ki ɗaga ta tsiyaye.

Yadda ake zubawa ma yana da muhimmanci. Da safe za ki ba ta, don duk abin da ya jiƙe ya bushe kafin dare. Ruwan ya zama ba sanyi ba zafi. Ki fitar da robar daga tangaran, ki zuba a kan gansakukar kina zagayawa har ya fito ta gindi, ki bar ta ta gama tsiyaya tsaf kafin ki mayar. A makonnin farko bayan tiyatar nan, ki rage hannu, ki jiƙa ta daidai ta yi danshi, tunda masu shan ba su da yawa. Abu ɗaya kuma da nake roƙon ki kiyaye: kada ruwa ya kwanta a ƙoƙon tsakiya, inda sabon ganye yake fitowa, ko a hammatar ganye. A daji shukar a karkace take rataye, ruwa ba ya zama a wurin. Mu ne muka miƙar da ita tsaye a tukunya muka mai da tsakiyarta kofi. Daga wannan wuri ɗaya tak take girma, in ya ruɓe an yi babbar asara. In ruwa ya shiga, ki murɗa bakin tishu ki tsane shi nan take.

Yanzu maganar kusurwar falo, wadda a gani na ita ce rabin ciwon. Wanda ya ce miki ba ta son rana ya faɗi rabin gaskiya. Ba ta son zafin rana ya dake ta kai tsaye, amma tana son haske, kuma da yawa. Idonmu yana yaudararmu a nan, don yana sabawa da duhu cikin daƙiƙa kaɗan, sai mu ga ɗaki fes. Ga shuka kuwa, taku uku ko huɗu daga taga hasken ya riga ya ragu ƙwarai. Kuma haske da ruwa a ɗaure suke. Da haske shuka take haɗa abincinta, tana aiki tana jan ruwa. In ba haske aikin ya tsaya, jan ruwan ya ragu, gansakuka ta daɗe a jiƙe. Ruwan da zai yi daidai a bakin taga, shi ne zai yi kisa a kusurwa. Ki tuna inda Mama take ajiye ta. Ina kyautata zaton kusa da taga ne, tunda har ta yi mata fure.

Wurin da ya fi dacewa shi ne tagar gabas, inda za ta sami sanyin hasken safiya na sa'a biyu ko uku, sauran yinin kuma haske ba zafi. In tagar da kike da ita mai shan ranar tsaka ce ko ta yamma, ki sa labule mai shara-shara tsakani, ko ki ja ta baya kaɗan. Ga gwaji mai sauƙi: da hantsi ki ɗaga hannu kamar taƙi ɗaya a saman ganyen. In inuwar hannun ta fito baƙa mai kaifin baki, hasken ya yi yawa. In ta fito dishi-dishi amma kina gane hannu ne, daidai ke nan. In ba inuwa sam, ya yi kaɗan. Masu aunawa da na'ura sukan nemi tsakanin 10,000 zuwa 15,000 a ma'aunin haske da ake kira luks, kuma akwai manhajojin waya da ke ba da kimantawa, ko da yake ba su cika daidai ba. Ki riƙa taɓa ganyen kuma. In kika ji ya yi zafi a hannu, ki janye ta, don ƙunar rana takan fara da fari ko rawayan tabo, ya koma baƙi, kuma ba ya warkewa. Launin ganye ma shaida ne: kore mai haske kamar ɗanyar ciyawa shi ake so, kore mai duhu sosai alamar yunwar haske ce, ja-ja a gefe ko rawaya a ko'ina kuma alamar ta kai iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Taki ta yi wata biyar a duhu kuma ba ta da lafiya, don haka kada ki ɗauke ta yau ki kai ta bakin gilashi. Ki matsar da ita a hankali cikin mako biyu, kuma ki fara da bayan labule. In gidan ba shi da taga mai kyau, farin ƙwan lantarki irin na LED ya wadatar, a rataye shi kamar santimita 30 a samanta, a kunna sa'a 12 zuwa 14. Da dare ki kashe. Tana buƙatar duhunta, don ita da dare take buɗe ƙofofin numfashin ganyenta ta ɗebi iskar da za ta yi aiki da ita washegari, dabarar da ke rage mata asarar ruwa. Kuma rana tana sauya hanya cikin shekara. Tagar da ta yi daidai a wata kaka tana iya yin zafi a wata, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Maganar maigidanki ba daga iska ya ɗauko ta ba. Wasu masu sayar da okid ne suka yaɗa dabarar ƙanƙara uku a mako, kuma a shekarar 2017 masu bincike daga jami'o'in Ohayo da Jojiya a Amurka sun gwada ta, ba su ga ta rage wa furen kwana ko ta lalata saiwa ba. Sai dai a ɓawon itace suka gwada, kuma da lafiyayyun shuke-shuke. Amfanin dabarar shi ne tana hana mutum wuce gona da iri, kuma da ita kika bi tun farko da wataƙila ba a kai nan ba, wannan ki ba shi gaskiyarsa. Duk da haka ban ba ki shawararta ba. Ita ma kalanda ce, ba ta duba ko gansakukar ta tsane. Ɗan ruwan da take bayarwa ba ya wanke gishirin da ke taruwa a tukunya. Kuma ba na son ƙanƙara kusa da sabuwar saiwa mai taushi ta shukar da ke farfaɗowa.

Tunda na ambaci gishiri: gansakuka tana riƙe duk abin da ke cikin ruwa, ba ruwan kaɗai ba. Ruwan sama ya fi kowane kyau gare ta. Ruwan famfo ma yana yi in ba mai zartsi ba ne. In kika ga farin ɓurɓushi a saman gansakukar, ko bakin saiwa yana yin baƙi, gishiri ya taru, sai ki kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke. Takin zamani kuwa ki manta da shi yanzu, sai kin ga sabuwar saiwa. Bayan nan ki riƙa sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya ko biyu a wata, kuma a kan gansakuka mai danshi.

Fesa wa ganye ruwa ba ya daɗa komai sai haɗarin jiƙa ƙoƙon tsakiya, ki bar shi. In iskar ɗakin busasshiya ce sosai, ki sa tsakuwa a faranti da ɗan ruwa ki ɗora tukunyar a kai, gindinta kada ya taɓa ruwan. Tana son iska mai motsi a hankali, amma ba bakin na'urar sanyaya ɗaki ba.

Na san abin da zuciyarki ta fi so shi ne ki sake ganin waɗannan fararen furannin. Zubewarsu ba laifinki ba ne, furen yakan yi wata biyu zuwa uku ya gama kwanansa. Ganyen ƙasa ma yakan tsufa ya faɗi don kansa. Amma bana kada ki sa rai da fure. Alamar farko da za ki nema ita ce ɗan koren kai mai sheƙi yana leƙowa daga gindi, sabuwar saiwa ke nan, kuma tana iya ɗaukar wata ɗaya ko biyu. Bayanta sai sabon ganye daga tsakiya, wataƙila ya fi na da ƙanƙanta, ba komai. Ganye ɗaya ko biyu take yi a shekara ko da lafiyarta ƙalau. Tsofaffin da suka yamutse wasu za su ɗan cika, wasu ba za su koma daidai ba har su faɗi. Kada ki yanke su, kuma kada yamutsewarsu ta sake tura ki ga buta. Idan ta murmure, abin da ke tayar mata da karan fure shi ne 'yan makonni na sanyi-sanyi, yini ƙasa da digiri 26 a ma'aunin Selshiyas, dare kuma wajen 18. In zafi ya zauna sama da 28 takan yi ta ganye ta ƙi fure. Karan yakan fito daga tsakanin ganye da kai a ɗan baje, ba zagayayye kamar na saiwa ba, kuma daga fitowarsa zuwa buɗewar fure wajen wata uku ne.

Zai yiwu ki buɗe ki tarar ba saiwa ko ɗaya mai rai. Ko a haka kada ki jefar. Muddin tsakiyar tana da tauri kuma kore ce, ki ɗora gindin a kan gansakuka mai ɗan danshi a ƙaramar roba, ki ɗaure ta da tsinke, ki ajiye ta wuri mai ɗumi da haske ba rana, ki kifa mata babbar leda mai hudoji don laima ta zauna, kina buɗewa kullum ta sha iska. Da yawa sun dawo ta wannan hanyar. In ma tsakiyar ce ta ruɓe, wani lokaci takan fitar da 'ya daga gefen gindi bayan watanni, don haka a ba ta lokaci.

Game da abin da kika ce na kashewa da hannunki, ƙanwata, ki sauke wannan nauyin. Mutumin da ke cikin makoki ya tashi kullum ya je ya shayar da abin da mahaifiyarsa ta bari, ni ban ga abin zargi a nan ba. Ba wanda ya nuna miki saiwar, yanzu kuma kin san inda za ki duba. In kin buɗe tukunyar, ki rubuto ki gaya mini saiwa nawa kika samu masu tauri, da kuma gabas ko yamma tagarki take kallo, sai mu san girman robar da za ki nema da inda za ki ajiye ta.